Farar A-kori-kurar Ardo Buba

Jiya wani cikinku ya ce gyaran motar Japan ba aiki ba ne, wai ko makaho aka miƙa wa sifana goma da sha biyu zai kwance ta ya mayar. Ban tanka ba, don bakina da goro, hannuna da giris. To yau ga shi ba aiki. Ku jawo benci ku zauna, ku ajiye wayoyin nan.

Sunana Lawal, amma a Katsina in ba ka ce Lawal Mai Japan ba, ba wanda zai nuna maka inda nake. Ba ni na zaɓi sunan ba. Da ba'a aka fara shi.

Mahaifina ne ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Sikiru, wani Bayarabe da ya daɗe a Katsina har Hausarsa ta fi tawa karin magana. Garejinsa yana wajen Ƙofar Guga, gindin ganuwa, ƙarƙashin itatuwan bedi, wato dogon yaro. Ba rufi, ba famfo. Ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin mota ma mu muka haƙa shi da diga. Na daɗe a wurin ban taɓa sifana ba. Aikina in wanke notina da kalanzir a cikin yankakken galan, in jera su bisa buhu yadda aka kwanto su. In ɗaya ya ɓace a yashi, Baba Sikiru ba ya duka. Sai ya ce kowa ya tafi cin abinci, ni in zauna in tankaɗe yashin da hannu har in gano shi. Daga nan aka ƙara mani matsayi, na koma goga bawul ɗin inji. Ka shafa ɗan magani mai tsakuwa a bakin bawul, ka maƙala sanda, ka riƙa murzawa tsakanin tafukanka kamar mace na burga miya, har fatar hannu ta saɓe. Shi ya koya mani in ɗora bakin dogon sukundireba a jikin inji, in kanga ƙotar a kunne, in faɗi abin da ke ciwo a ciki tun ba a buɗe ba. Ku yanzu sai ku soka na'ura ta rubuto maku. Ran da batirin na'urar ya mutu, ku da mai tallan rake ɗaya ne.

A wancan zamani motocin Turai ke da gari. Ta Faransa ita ce sarauniya, sai ta Ingila, sai ta Jamus ga manyan alhazai. Motar Japan ta farko da ta shigo garejinmu ta wani malamin dabbobi ce da ke zaune a GRA. Juyen baƙin mai kawai ya kawo ta. Direbobi suka kewaye ta suna dariya. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofar da ɗan yatsa ya ce gwangwanin madara ne aka sa wa taya. Manyan yaran gareji ba wanda ya ko miƙe. Baba Sikiru ya dube ni ya ce, "Lawali, kai ƙaramin yaro, ga ƙaramar mota. Je ka yi wasa da ita."

Na ɗaga bonet na tsaya. Komai yana inda hannu zai kai. Sifana huɗu suka gama mani aikin duka: goma, sha biyu, sha huɗu, sha bakwai. Ba ruwanta da sha ɗaya da sha uku da motar Faransa ke wahalar da mu da su. Na kira Baba Sikiru ya leƙa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanda ya ƙera wannan ya taɓa kwanciya ƙarƙashin mota."

Daga baya muka ji tarihin masu ita a rediyo. Wai asalinsu ba maƙeran mota ba ne, injin saƙa uban gidan yake ƙerawa, ɗansa ne ya nace sai ya yi mota. Yaƙi ya zo ya mayar da ƙasarsu toka, kamfanin ya kusa rufewa har aka sallami ma'aikata. Motocin farko da suka kai Amurka, dariya aka yi masu, don ba su iya gudun manyan titunan can. Suka kwashe kayansu suka koma gida, suka zauna suka gyara, suka dawo. Da labarin ya iso gareji sai aka sake wa motar suna, aka koma ce mata motar masaƙa, ni kuma yaron masaƙa. Ba a daɗe ba direbobin hanyar Jibiya da Batsari da Daura suka gane tankin man da ke isar motar Faransa zuwa kawai, ita yana kai ta ya dawo da ita. Ɗaya bayan ɗaya suka sauya. Masu yi mani dariya suka dawo suna leƙen yadda nake saita kafireta.

Sauƙin da kuke gani tarko ne. Kan injinta ba baƙin ƙarfe ba ne, farin ƙarfe ne mai taushi. Ka ɗaure notinan ba bisa tsarinsu na daga tsakiya zuwa gefe ba, sai ya lanƙwashe, ruwa ya haɗu da mai, mai mota ya je yana zagin Japan alhali kai ne. Ba ta son gaggawa, ba ta son guduma. Tana yafe wa mai ita rashin kula na shekaru, amma ba ta yafe wa makanike ganganci.

Motar da na fi sani a duniya ita ce farar a-kori-kurar Ardo Buba. Bafillace ne, rugarsa tana can ciki bayan an sauka daga hanyar Batsari. Sabuwa ful ya saye ta, zamanin mulkin farar hula na farko da na yi wayo da shi. Shi bai iya tuƙi ba, bai kuma taɓa sha'awar koya ba. Da farko wani ɗan garinsu ke jan ta, daga baya ɗansa Iro ya girma ya karɓa. Amma duk ran da za a kawo ta gareji, Ardo yana gidan gaba. Zai shimfiɗa buzunsa gindin bedi, ya ɗora sanda bisa gwiwa, ya zuba ido. In na kwance notin baƙin mai, sai ya taso ya tara ɗan yatsa, ya murza, ya sunsuna, kamar yadda yake duba kashin saniya ya san lafiyarta.

"Malam Lawal, wanga mai ya yi baƙi da yawa. Iro na matsa mata ko?"

"Hanya ce, Ardo. Hanyarku ba ta da kirki."

"Kana rufa mashi asiri dai."

Motar nan ba ta Ardo kaɗai ba ce. Ita ke kawo matan ruga kasuwa da ƙoren nononsu, ta koma da dusa da kanwa da gishiri. Ita ke ɗauko wanda maciji ya sara. Mace in naƙuda ta gardama, katifa ake shimfiɗawa a bayanta a yo asibiti. Ta ɗauki amare, ta ɗauki gawa. Duk rugagen da ke wannan yanki, ita ce ƙafarsu.

Wata damina aka jawo mani ita da igiya, ta faɗa rafi, ruwa ya shanye ta har sitiyari. Iro ya yi hankali bai sake tayar da ita ba, shi ya cece ta. Na cire fulogai duka, na sa aka murza inji, ruwa ya yi tsiri ta ramukan har ya jiƙa wa Ardo rawani. Na zubar da mai, na wanke, na sake zubarwa, na shanya kayan wuta a rana bisa kwano. Kafin la'asar na ce Iro ya murza makulli. Ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Ardo ya tashi ya shafa goshinta ya ce, "Aradu ta fi wasu mutane alkawari." Tun ina saurayi nake kwanciya ƙarƙashin motar nan, har na aurar da ɗiyata ta fari tana nan tana aiki. Sau ɗaya tak na taɓa sauke injinta kafin shekarar da zan ba ku labari.

Shekarar ita ce wadda soja suka tattara suka koma bariki bayan dogon zamansu. Lokacin Baba Sikiru ya rasu, gareji yana hannuna. Dama mun jigata. Shekarun ƙarshen soja ba mai a gidan mai, sai wurin 'yan bumburutu, su kuma suna sirka shi da kalanzir. An yi wani fetur mai wari da ke sa mutum ciwon kai tun kafin ya kashe inji. Kasuwar kayan gyara ta cika da jabu, a kwali iri ɗaya da na asali, rubutu iri ɗaya, sai ka ɗaura ya narke cikin wata guda. Da aka ce za a yi zaɓe, muka ce to, wuya ta ƙare.

Akwai wani Alhaji Sada, ɗan kwangila ne a Ƙofar Sauri, tsohon mai kawo mani gyara. Motarsa wata tsohuwar 'yar Kwatano ce da na sha ɗaure wa salansa da waya. Shi ma ya shiga siyasa. Ya zo garejinmu da jama'arsa, ya tsaya gindin bedi, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"'Yan'uwana makanikai, ni naku ne. Wagga rana da ke dukanku, ni ma ta doke ni nan ina jiran mota. In Allah ya ba mu, za a gina maku gareji na zamani, da rufi, da famfo, da wuta."

Muka tafa mashi. Ni ma na tafa, da giris a hannuna.

Yaƙin neman zaɓe yana son motar da za ta shiga daji, ba kuwa wadda ta san daji kamar ta Ardo. Mutanen Alhaji Sada suka lallaɓa Iro ya ba da ita haya. Ardo bai so ba, amma aka ce mashi in an ci za a yi masu hanya har ruga, sai ya yarda. Suka ɗora mata janareta da manyan lasifika, sannan ƙauraye 'yan bangar siyasa suka hau, wasu bisa rufi, wasu sun maƙale a ƙofa da gorori. Da Iro ya ce kaya sun yi yawa, wani ya fizge makullin ya tura shi baya. A wani ƙauye robar lagireto ta fashe, ruwa ya tsiyaye. Allurar zafi ta haye ja, mai tuƙin bai ma san aikinta ba. Ya ci gaba da taka ta har inji ya buga. Garin turawa suka kuma faɗa da ita wani kwazazzabo, ƙafar gaba ta karye. A nan suka bar ta, suka hau wata motar.

Aka jawo mani ita an manne ta da hotunan Alhaji Sada har gilashin gaba. Ardo ya zo washegari. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi shanu da ruwan sama. Sannan ya zagaya ta sau ɗaya, ya sa farce ya fara ɓare hoton da ke kan gilashi.

"Ta mutu?"

"Ba ta mutu ba, Ardo. Amma sai an sauke inji. Karanshaf, ƙashin bayan injin, sai an kai Kano an yanka. Ringi da mital na asali sai na je da ƙafata na zaɓo, don na nan duk jabu ne. Zai ɗau lokaci."

"Ka yi mata aikin da za ta daɗe, ba wanda za ta tashi gobe ba."

Na rataya sarƙa a reshen bedi na zaro injin. Na kwance shi ɗaya bayan ɗaya, na jera bisa buhunan siminti, fistin na ɗaya da hannunsa, na biyu da hannunsa, kowane bawul da raminsa, yadda aka koya mani. Na cire tayoyin gaba na ɗora ta bisa duwatsu. Karanshaf ya tafi Kano. Gangar injin tana rataye a sarƙa.

Ana cikin haka aka yi zaɓe, aka rantsar da farar hula. Aka yi kiɗa, aka yi rawa. Alhaji Sada bai sha ƙasa ba, aka ba shi shugabancin wani kwamiti na gyaran gari, ya tashi daga Ƙofar Sauri ya koma GRA. Wata safiya muka iske an shafa jan fenti, alamar rusau, a jikin 'yar rumfar kwanon da muke ajiye kaya, har da jikin itatuwa. Mu dattawan gareji muka wanke hannu da omo, muka sa rigunan Juma'a, muka tafi gidansa. Muka daɗe a bakin ƙofa tare da maroƙa. Da ya fito zai shiga mota ya hange ni.

"A'a, Malam Lawal! Lafiya? Mi ya faru?"

"Ranka ya daɗe, fenti muka gani."

Ya yi dariya. "Wanga fenti ai na masu rumfunan bakin titi ne, yara ne suka yi kuskure. Ku da kuke namu? Ku koma ku yi aikinku."

Muka yi godiya muka dawo. Da bai faɗi haka ba, da a ranar na nemo tayoyi na mayar, na sa an ja motar Ardo zuwa ƙofar gidana.

Mako bai zagayo ba, da hantsi, muka ji ƙasa na rawa. Katafila ce, da motar 'yan sanda a bayanta. Aka ce kowa ya kwashe abin da zai iya. Gareji ya hargitse. Motocin da ke da taya aka riƙa turawa titi. Ta Ardo ba tayoyin gaba, ba inji. Na je wurin babban ɗan sandan na ce ya ba ni zuwa azahar. Ya ce ba shi ya ba da umarni ba. Na je wurin mai tuƙa katafilar, yaro ne da na san ubansa.

"Baba Lawal, wallahi ba yadda zan yi. In na tsaya, ni za a kora."

Na samu na fitar da akwatin sifanuna da jak. Na dawo zan tattara buhunan, ɗan sanda ya tare ni da bindiga a ƙirji. Ina tsaye ina kallo katafila ta tunkuɗe bedin da gangar injin a rataye, ta faɗo bisa dutse ta tsage. Ta bi ta kan buhunan, fistin da bawul da notina duk ta cusa su cikin ƙasa. Sannan ta sa baki a gefen a-kori-kurar ta tura. Motar ta sauka daga duwatsu, ta kwanta, ta mirgina, ta faɗa wani ƙaton rami da ke gindin ganuwa, ƙafafu sama.

Ƙura ba ta lafa ba sai ga wata sabuwar jif baƙa, mai baƙin gilashi, ta tsaya a titi. Tambarin da ke hancinta shi ne tambarin da ke hancin motar Ardo, gida ɗaya suka fito. Gilashi ya sauka kaɗan. Sanyin cikin motar ya bugo ni, na ga Alhaji Sada ne.

"Malam Lawal, sai haƙuri. Ci gaba ne ya zo. An ware maku wuri."

Gilashi ya koma.

Wurin da aka ware mana shi ne nan da kuke zaune. Yanzu kun ga gari ya iso shi. A lokacin fili ne fetal, ba itace, ba ruwa, ba mai kawo mota. Wa zai jawo matacciyar mota zuwa bayan gari? Yarana suka watse, yawancinsu suka koma acaɓa. Malam Isa mai gyaran wuta, wanda ba a yi kamarsa wurin naɗa waya ba, ya ƙare yana faci a bakin titi har ya mutu. Tsohon wurinmu kuwa shaguna aka gina. Biyu daga ciki kayan mota suke sayarwa, jabu zalla. Manyan da suka samu mulki suka sayo sababbin motoci masu ƙwaƙwalwa, in sun yi tari sai a ɗora su bisa babbar mota a kai Kaduna.

Ardo bai ji labari ba sai ranar kasuwa. Ya zo tsohon wurin ya tarar da fili, aka nuna mashi inda nake. Na rako shi muka koma bakin ramin. Tsoho ne a lokacin, amma ya ƙi in riƙe shi. Ya dogara sanda ya gangara. Yara sun riga sun kwashe gilasai da kujera da wayoyi. Ya daɗe a tsaye, hannunsa bisa ƙarfen. Da ya hauro, na kwance takardar siminti na nuna mashi karanshaf, ya dawo daga Kano yana ƙyalli kamar azurfa. A duk injin, shi kaɗai ya tsira.

Ya dube shi ya ce, "Mi za ni yi da ƙashin baya babu saniya?"

Na ce mu je wurin Alhaji Sada. Ya girgiza kai.

"Wanda ya ce maka ka koma ka yi aikinka? A'a. Faɗa mani dai, akwai abin da ya rage da rai a jikinta?"

"Aksul na baya, Ardo. Da tayoyinsa. Bai ji komai ba."

"To ciro mani shi."

Na shiga ramin na kwanto shi. Sauran gangar jikin maƙera suka saya, suka yi murhu da kaskon suya.

A daminar nan ce naƙuda ta gardama wa matar Iro. Ba mota a duk yankin. Suka ɗora ta bisa jaki, maza na riƙe da ita gefe da gefe, suka nufo titi. Ba su iso ba. Ita da abin da ke cikinta a hanya suka cika, aka juya da su. Hanyar da aka ce za a yi masu kuwa, ku je ku gani, har yau rafi ne ke yanke ta.

Bayan kaka ina zaune nan, ba ko mota ɗaya a gabana, sai na hango amalanken shanu tafe. Bijimai biyu farare ke ja, Iro na kora su, Ardo na zaune bisa buzunsa a sama. Kafinta ya yi masu akwatin katako, an ɗora bisa aksul ɗin. Tun daga nesa na gane tayoyin.

Muka gaisa. Na yi masu ta'aziyya. Ardo ya ce ƙafar hagu na kuka, in duba. Na sa jak, na cire taya, na zaro boris na wanke da kalanzir. Lafiyarsa lau, ƙishin giris kawai yake yi. Na cika shi, na mayar, na ɗaure. Na juya tayar da hannu, ta yi ta juyawa ba ƙara.

Ardo ya sauko ya tara ɗan yatsa a giris ɗin, ya murza. Ya dubi bijiman, ya dubi tayar.

"Malam Lawal, shanu na sayar na saye ta. Ga shi yau shanu ke jan ta."

Iro ya ɗaga sanda, bijimai suka motsa. Na tsaya da sifana sha bakwai a hannu har suka sauka daga kwalta.